Fuskar da Ba Ta Kowa Ba

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Malama Sadiƙa ta turo min aikin jiya, yau na zauna a kansa. Rahoton binciken da ta yi ne a ƙauyukan gefen madatsar ruwa ta Watari, kan matan da ke riƙe da jama'a ba tare da an taɓa kiransu shugabanni ba: ungozoma, malamar Islamiyya, mai kula da injin niƙa, shugabar mata masu noman rani. Nawa shi ne in tsara shafuka, in yi bango, sannan in fitar da fosta da za a liƙa a ƙauyukan. Malama ta iya tambaya, ta iya rubutu, amma in ka bar ta da kala sai ta haɗa ja da ruwan hoda ta ce ya yi kyau. Shi ya sa ba ta rabuwa da ni.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya, ta yi ta maimaita shi har na gaji: kada fuskar kowa ta fito. Matan sun yarda an ɗauke su hoto ne bisa alkawarin ba wanda zai gane su. Musamman Aina'u ta Gidan Bunu, shugabar mata masu noman rani, wadda ke neman kujera a kwamitin rabon ruwa na garinsu a ƙarshen watan nan. Mace ba ta taɓa zama a ciki ba, kuma in ruwa ya ja baya gonakin mata ne ake fara mantawa da su. Malama ta ce, "Ramlat, ƙiris ake jira a kan yarinyar nan. Ki kula min." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ba yau na fara ba.

Sai dai fosta ba fuska, wa zai tsaya ya kalle ta? Na gwada hannaye riƙe da fartanya, ta koma tallan taki. Na gwada mace ta ba da baya, Umma ta leƙo ta ce, "Ita wannan yaji ta yi?" Na goge.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan Azahar

Na samo dabara, kuma ni kaina na yaba wa kaina. Na ɗebo hotunan matan Gidan Bunu da Malama ta ɗauka, na jera su hawa-hawa, ido a kan ido, hanci a kan hanci, na rage ƙarfin kowanne har ya zama kamar inuwa. In sun haɗu za su ba ni fuska ɗaya wadda ba ta kowa ba. Daga nan sai in bi ta da zane. Alkawari ya cika, fosta ta samu fuska.

Na taɓa yin irin wannan a makaranta. Fuskar da ke fitowa dishi-dishi take, kamar an shafa mata koko. Wannan da na ɗora hoton ƙarshe sai ta fito tar. Mace ce mai kamar shekara talatin da ɗoriya, doguwar fuska, leɓe a tsuke kamar an katse ta tana tsakar magana. Akwai wani ɗan tabo a girarta ta hagu. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ba mai tabo a wurin. Inuwoyi ne suka yi karo, haka yake faruwa. Na goge shi.

Na karkatar da idanunta suna kallon gefe, wajen rubutu, kamar yadda aka koya mana: idon hoto ya bi rubutu, idon mai kallo ya bi na hoto. Rubutun shi ne "Mu Ma Muna da Ta Cewa". Malama ta gani ta ce, "Tubarkalla. Kamar na san ta." Na ce ai haka ake so.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da La'asar

Na karɓo fostocin daga shagon Kamaruddeen mai buga takardu. Kala ta fito yadda nake so, koren ganyen albasa da ruwan ƙasa. Tabon girar nan yana nan. Na nuna masa na ce ya wanke na'urarsa, ya ce, "Haba Anti, abin da kika ba ni shi na buga." Muka buɗe fayil a kwamfutarsa, ga shi nan kuwa. To, wataƙila tsohon na tura masa. Ina yawan yin haka in ina sauri.

Takardun da ɗan danshi a gefe. Ya ce tawada ce ba ta gama bushewa ba. A wannan zafin da ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Ban ja maganar ba, mai babur yana jirana.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

An liƙa su a ƙauyuka. Malama ta ce mata har taruwa suke yi a gabansu. Na ji daɗi sosai.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan Magariba

Malama ta kira ni da sassafe ta ce in shirya, za mu Gidan Bunu. Na tambayi lafiya, ta ce in dai shirya. A mota ba ta yi hira ba, ita da ko a gidan gaisuwa sai an taɓa ta take yin shiru.

Fostar garin tana jikin bangon ɗakin injin niƙa, a kan hanyar da ke gangarawa zuwa ƙofar ruwa, inda ake sako wa gonaki ruwa. Mun isa rana tsaka. Injin a kashe. Kwanukan niƙa a jere a ƙasa, ba masu su. Wata tsohuwa ce kaɗai zaune a kan tabarma nesa kaɗan da bangon, ta miƙe ƙafa, tana kallon fostar. Mun yi mata sallama ta amsa ba ta waiwayo ba.

Aina'u ta karɓe mu a ɗakinta. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, sai a hoto. Gajeruwa ce, hannunta duk kantar fartanya. Ta ba mu ruwa, ta jira muka sha, sannan ta dube ni.

"Ke kika zana?"

Na ce ni ce, na kuma fara yi mata bayanin yadda na haɗa hotuna don kada a gane kowa. Ta bar ni na gama.

"A ina kika samu hoton Yaya Maijidda?"

Na ce ban san wata Maijidda ba.

Ta ce, "Na sani. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko na katin zaɓe ba ta yi ba."

Yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta fara tara mata masu noman rani. Ita ce kuma mace ta farko da ta ce tana son zama a kwamitin ruwa. Ana saura kwanaki a yi zaman, aka wayi gari aka same ta a bakin ƙofar ruwa ba rai. Shekara uku ke nan. Aina'u ba ta ƙara komai a kan haka ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na dai ji bakina yana tambayar ko tana da tabo a fuska. Aina'u ta ɗaga yatsa ta taɓa girarta ta hagu. Ta ce lauje ne, tun suna yara.

A hanyar dawowa Malama ta ce duk hirar da ta yi da matan garin ba wadda ta ambaci sunan. "Wadda ta gabace ni" kawai Aina'u take cewa, ita kuma ta ɗauka wata ce da ta yi aure ta bar gari.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Na ba Umma labari ina jiran ta firgita, sai ta ci gaba da gyaran zogalenta. Ta ce, "Mutanen Gidan Bunu ai duk jini ɗaya ne, junansu suke aure tun kaka da kakanni. Kin kwashi 'yan gida ɗaya kin dama, wa kike so ya fito, Balarabiya?" Na yi dariya har da hawaye. Gaskiya ta faɗa. Ni ce da wautata na haɗa 'yan uwan juna ina neman baƙuwa.

Ban gaya mata zancen tabon ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan La'asar

Gyara ne, ba wani abu ba. Na faɗaɗa hancin, na rage tsawon haɓa, na cika kumatu, na sauya ɗaurin ɗankwali. Na goge tabon, na adana, na rufe, na sake buɗewa na tabbatar babu shi. Na tura wa Malama, ita kuma ta tura wa wayar Aina'u.

Amsar Aina'u ta zo da murya. Ta ce, "Haka take lokacin da take goyon ɗanta na biyu. Ta yi ƙiba a shekarar."

Na sake wani. Na ramar da ita, na ƙara mata shekaru, na sa duhun fata. Aina'u ba ta amsa da wuri ba. Da ta amsa cewa ta yi in daina turowa, don Allah.

Alhamis, 17 ga Afrilu, rana tsaka

Ban buɗe kwamfuta ba yau.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Na yi shafukan ciki, su ba ruwansu da fuska. Jadawali ne da kalaman matan a cikin akwatuna masu kala. Akwai na Aina'u, ba suna: "In an rufe ruwa ba a tambayarmu, in albasa ta ƙone mu ake tambaya." Na sa shi da manyan baƙaƙe a shafi shi kaɗai. Aiki ne mai daɗi, hannuna ya saki.

Sai dai duk lokacin da zan koma wani shafi dole in wuce ta bangon rahoton, inda fuskar take. Na mayar da bangon can ƙarshe. Daga baya na cire shi na sa a fayil dabam. Da zan tashi salla na juya kwamfutar tana kallon gini, alhali a kashe take. Umma ta gani, ta turara ɗakin.

Abin da ya faru da nake naɗe dadduma ba zan rubuta shi ba. Ɗakin dai ya yi warin laka, irin ta bakin ruwa, kuma ba mu da ko kwata a wannan ɓangaren gidan.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Malama ta zo gida da kanta. Ta ce shugaban kwamitin ruwa, Malam Abdulmumini, ya aiko mata. Maza sun daina bin hanyar injin niƙa in za su ƙofar ruwa, suna zagayawa ta bayan makabarta, wai ta fi sauƙi. Ana ta magana a gari cewa mata sun tono abin da aka riga aka binne. Saƙonsa gajere ne: zaman kwamiti ranar Asabar ne, in hoton nan yana jikin bango har ranar, ba za a kira sunan Aina'u ba.

Na ce to a cire mana, takarda ce da sitati. Malama ta ce ba wanda zai iya. Tsohuwar da muka gani a kan tabarma ita ce Inna Luba, mahaifiyarsu. Tun ranar da aka liƙa take zuwa da hantsi, ba ta tashi sai salla ta tashe ta. Wani ya je da niyyar yagewa, ta dube shi kawai, ya juya.

Ni na jawo wannan. An ce min in kula, na ce ba yau na fara ba. Yarinya ta yi shekara uku tana tattara ƙarfin halin da za ta tsaya inda yayarta ta tsaya, ni kuma da gwanintata zan zubar mata da shi a kan fosta. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji. Na rubuta don in ga ko zai ragu.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Na yi sabuwar fosta. Ba mutum a ciki ko ɗaya, kunyoyin albasa ne da ruwa yana bi ta tsakaninsu, sai rubutu. Ba ta da kyau, tallan taki ce sak. Ban damu ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan Magariba

Na koma Gidan Bunu ni kaɗai da sabuwar fostar a naɗe. Na fara zuwa wurin Aina'u a gona, na same ta tana buɗe wa kunya ruwa da ƙafa. Na ce ta raka ni mu lallashi Inna a musanya. Ta soka fartanya a ƙasa ta ce ba za ta ba.

"Ke 'yar gari ce, amma kin san kunyar ɗan fari. Yaya ita ce ta farin Inna. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. 'Waccan' take ce mata. Kakarmu ce ta raine ta. In Yaya ta shigo ɗaki Inna sai ta sami abin yi a tsakar gida. Ko ranar da aka kawo ta, da aka ce ta zo ta yi mata kallon ƙarshe, daga bakin ƙofa ta tsaya ta yi addu'a, kanta a ƙasa. Mutane suka yi ta yabon kawaicinta."

Na san al'adar. Umma ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, Yaya Abdulkabir, amma ita a baki ne kawai, in ya zo har hira suke yi. Mutanen dauri kuwa da gaske suke yin ta.

Aina'u ta ce, "Yanzu take kallonta. Shekara talatin da wani abu ba ta kalle ta ba, yanzu take ramawa. Ki ce in je in ɓamɓare? Na sake binne mata ita ke nan da hannuna. Gara kujerar ta wuce."

Na ce, "Gonakinku fa?"

Ta dubi albasar da bakin ganyenta ya fara rawaya. Ta ce Allah yana nan.

Na tafi wurin injin ni kaɗai. Wannan karon ma rana tsaka, ko kaza ba ta motsi. Na durƙusa na gaishe da Inna Luba, na zauna a gefen tabarma ta yadda bangon yake bayana. Na ce ni ce na yi zanen, kuskure aka samu, na zo da wani. Na warware mata albasata ta gani. Ko kallo ba ta ishe ta ba.

Ta ce, "'Yar nan, ke kika kawo ta?"

Na ce, "Zane ne, Inna. Ban san ta ba."

"Ita ta san ki, tunda ta biyo ki."

Bayana ya yi sanyi a cikin wannan rana. Na daure na gaya mata zancen Asabar, da abin da Aina'u za ta rasa. Ta ce ta sani, ba kurma ba ce. Sannan ta nuna bangon da haɓa.

"Kullum gefe take kallo. Na zauna ta nan, na koma ta can, ba ta yarda mu haɗa ido. Fushi take yi da ni?"

Na ce a'a, ni na karkatar da idon don ya kalli rubutu, haka ake yi a aikinmu.

"To tunda ke kika kawar mata da kai, ki juyo min da ita. Ki kawo min wadda take kallona, ƙarama, ta ɗaki. In kin kawo, su cire wannan."

Na ce to. Ban san lokacin da na ce ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Ban buɗe ba.

Laraba, bayan La'asar

Aikin minti kaɗan ne. A matso da baƙin ido tsakiya, a gyara ɗigon haske, shi ke nan. Na yi wa hotunan amare irinsa ba adadi. Na zauna a gaban kwamfutar har an kira salla hannuna yana kan murfin.

Tun ranar farko na san dalilin da ya sa na karkatar da idon, kuma ba rubutu ba ne kaɗai. Lokacin da na ɗora hoton ƙarshe, kafin in taɓa komai, ni take kallo.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan Azahar

Na roƙi Umma ta zauna a ɗakin. Ta shigo da carbinta ta zauna a bakin gado, ta ce, "Ke da kika ce na'ura ba ta da aljanu." Na ce Umma don Allah. Ta fara jan carbinta.

Ga yadda na yi. Kafin in buɗe fayil na rufe allon da takarda, na bar 'yar kafa. Na zuƙo hoton har ido ɗaya ya cika allon, ya daina zama ido, ya koma ɗigo-ɗigon kala, baƙi da ruwan ƙasa da fari. A haka ba abin tsoro. Na matsar da baƙin zuwa tsakiya. Na gangara ta kan karan hanci na isa ɗayan, na yi masa haka. Na auna tazararsu da layi don kada ta fito da harara-garke. Ban mayar da hoton girmansa ba ko sau ɗaya. A duk aikin da na taɓa yi, wannan ne na farko da na gama ban ga yadda ya fito ba.

Tabon ban taɓa shi ba. Nata ne.

Umma tana daga bayana, ita ba ta rufe ido ba. Da na adana na zare takardar, kafin allon ya mutu, ƙaramin hoton ya ɗan bayyana a gefe. Na kawar da kai. Na ji carbin ya tsaya. Na tambaye ta ya fito daidai? Ta ce, "Kai mata kawai."

Juma'a, 25 ga Afrilu, da yamma

Na ce wa Kamaruddeen kwafi ɗaya, takarda mai kauri, ya fitar da ita a kife ya sa a ambulan. Ya buɗe baki zai yi tsokanarsa, ya dubi fuskata ya fasa. Ya juya allonsa gefe ya danna. Da na karɓa ambulan ɗin a bushe yake ƙaƙas. Na tsaya a kansa har ya goge fayil ɗin. Nawa ma na goge da na dawo, duk da gyararrakin.

Malama ta amince bangon rahoto ya zama albasa. Ta ce masu ba da tallafi za su ce ba shi da rai. Na ce su ce.

Gobe Asabar.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan La'asar

An kira sunan Aina'u. Ta zauna a kan benci ɗaya da maza, a can ƙarshe, mayafinta har goshi. Malama ce ta ba ni labari, ni ban je wurin ba. Ta ce da aka zo kan ranakun ruwa Aina'u ta yi magana, muryarta tana rawa da farko, daga baya ta daina. An ba gonakin mata Talata da Juma'a. Malam Abdulmumini bai dube ta ba har aka tashi, amma ya rubuta.

Ni ga abin da na gani. Mun isa da hantsi, Inna Luba tana kan tabarmarta, Aina'u tana tsaye nesa da ita da kayan fita a jikinta, ba ta san ko za ta je ko ba za ta je ba. Na durƙusa na miƙa ambulan da hannu biyu. Inna ba ta buɗe ba. Ta shafa shi, ta sa a cikin zani, ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce, "Aina'u, cire waccan ki naɗe, kada ki yaga. Ki tafi zamanki. In kin je ki buɗe baki, kada ki zauna musu kamar turmi." Aina'u ta sa farce a gefen takardar, ta ɓamɓaru salin-alin kamar dama jira take. Ta naɗe ta fuskar tana ciki, ta share ido da gefen mayafi, ta kama hanya ba ta waiwayo ba.

Na ɗaukar wa Inna tabarma na bi ta gida. Gidan ba kowa, duk an tafi kallon zaman daga nesa. Ta shiga ɗakinta ta saki labule. Na jingine tabarmar, na cire takalmi na tsaya a bakin ƙofa ina jira ta sallame ni, don ba a tafiya haka nan.

Na ji ƙarar ambulan. Na ji ta zaro takardar a hankali. Shiru ya yi tsawo har na fara tunanin ko ta faɗi ne. Sai na ji ta gyara murya, irin ta wanda zai faɗi kalmar da bakinsa bai saba da ita ba.

"Maijidda."

Ta sake faɗa, wannan karon a sake, kamar mai kiran yarinya daga tsakar gida ta zo ta ci abinci.

Aka ɗan yi shiru, daidai tsawon gaisuwa.

Sai na ji ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar ce dai. Aina'u ta tafi, yanzun nan ta tafi. Matso mana in gan ki."

Na ɗauki takalmana a hannu. Sai da na fita zaure na sa su.